Kaffarar Tuwon Ruƙayyatu

Malam Bahauddeen irin mutanen nan ne da in ka ce masa "na gode" sai ya tsayar da kai ya yi maka bayanin abin da ka aikata. Abin da ya kawo shi Kuala Lumpur ke nan, digiri na uku a kan yadda magana take zama aiki. A wurinsa akwai zancen da labari ne kawai, kamar ka ce ana ruwa a unguwarsu ta Setapak, akwai kuma wanda da fitarsa daga baki an gama aiki. Waliyyi ya ce "na bayar", wakilin ango ya ce "na karɓa", shi ke nan, an zama mata da miji ba tare da an ɗaga ko tsinke ba. Matarsa Ruƙayyatu ta sha wannan karatu har ta haddace. Tana yanka albasa take ce masa, "To, Baban Khaulah, Allah ya ba da sa'a."

Amma fa gwano ba ya jin warin jikinsa. Wata ranar Talata ya dawo daga wurin malamin da ke duba aikinsa, an watsa masa babi guda, ruwan sama kuma ya yi masa dukan tsiya tsakanin tashar bas da gida. Ya tarar da tuwon shinkafa da miyar kuka. Ya kai loma ɗaya, ya yamutsa fuska.

"Wannan tuwon ai ya yi ruwa. Na Inna ba ya zubewa haka."

Ita kuwa ranar ta yini da Khaulah a baya, yarinyar tana haƙori tana rigima. Ta dube shi ta ce, "Shinkafar ƙasar nan ce, ba ni na shuka ta ba. In bai yi maka ba, ga shagon abincin mamak nan a ƙasan bene, lah."

Wannan "lah" ɗin da 'yan ƙasar ke liƙawa a ƙarshen magana ita ce ta ƙona masa rai. Ya ture kwano ya ce, "Wallahi tallahi, ba zan ƙara sa girkinki a bakina ba!"

Duk garin Kuala Lumpur babu wanda ya kai shi sanin cewa abin da ya faɗa ba labari ba ne. Ya ɗaure kansa da sunan Allah, da bakinsa, a kan tuwo. Ruƙayyatu ta rufe kwanon a hankali, ta ce, "To," ta ɗauke.

Sai bawan Allah ya koma ɗan gida a shagon mamak, wurin Indiyawan nan masu sayar da abinci ba dare ba rana. Da safe gurasarsu roti canai, da rana shinkafa da miyarsu nasi kandar, da yamma soyayyar taliya. Tun suna tambayarsa me zai ci, har ya zama da ya ja kujera sai kawai a dire masa. Ƙwannafi ya sa shi gaba, wando ya fara yi masa yawa. Amma ba cikin ne ya fi damunsa ba. A gida ba a fasa gaishe shi ba, ba a fasa goge masa riga ba, dariya ce kawai ta ɗauke. Yana kewar zaman tabarma, tana turo masa tsokar nama gefensa tana yi kamar ba ta sani ba. Abin da yake tsoro shi ne ta saba da rashinsa a tabarmar, ya zama baƙo mai kwana a gidansa.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko ya ja Malam Abdulgani gefe. Shi ne babba a cikin ɗaliban Arewa na unguwar, shi yake jan su salla in an taru. Da ya ji labari sai da ya riƙe ciki don dariya.

"Kai! Kai da kake koya wa duniya cewa magana zarar bunu ce? To, ai akwai mafita. Kaffara za ka yi, ka ciyar da miskinai goma."

"Azumi uku fa, Malam? A yi abin a ɓoye."

"Wannan na wanda ba shi da halin ciyarwa ne. Mai cin mamak safe, rana da yamma ba ya ciki."

"To ina zan samo miskinai goma a garin nan?"

"Haba Bahauddeen. Leƙa ɗakunan samarinmu da tallafin karatunsu ya maƙale. Taliyar leda ɗaya suke rabawa biyu."

Niyyarsa ya yo tapau daga mamak, wato ya sayo abinci a ƙunso a leda a raba, a wuce wurin. Da ya faɗa wa Ruƙayyatu, yana magana yana kallon bango, sai ta ajiye tsintsiya.

"Za ka tara 'yan gida a ɗakina ka ba su nasi kandar? Kada ka kunyata ni, Baban Khaulah."

Ranar Lahadi tun da hantsi ta ɗora babbar tukunya. Ta fito da ragowar kuka da daddawar da ta yi ta lallaɓawa tun zuwansu, ta juye duka. Ƙamshi ya bi bene har maƙwabcinsu ɗan Sin ya leƙo yana tambayar ko lafiya. Bayan azahar samari goma suka cika falo, Malam Abdulgani ya biyo su wai shi shaida ne. Wayyo, zo ka ga cin tuwo! Wani har da gumi, wani yana cewa rabonsa da miyar kuka tun a gidan uwarsa a Gumel. Shi kuwa mai gida yana gefe yana zuba musu ruwa, yana haɗiyar yawu, ya ƙudura ba zai taɓa ba sai an gama ciyarwar. Suka suɗe kwanuka, suka sa wa Ruƙayyatu albarka, suka yi wa Bahauddeen addu'ar Allah ya ƙara masa irin wannan rantsuwa.

Da suka watse ya wanke hannu, ya zauna a tabarma ya naɗe ƙafa kamar ba abin da ya taɓa faruwa.

"To, alhamdu lillahi, an warware. Zubo."

Ruƙayyatu na tsaye a ƙofar kicin, hannunta duk sabulu. Ba ta motsa ba.

"Ka biya na Allah, Baban Khaulah. Ni me ka ce min?"

Ya yi gyaran murya. "Ai kin san ranar na gaji, ga ruwa ya dake ni, ga mutumin nan ya watsa min..."

"Wannan labari ne," in ji ta.

Mutumin da ya cika shafuka da bayanin neman gafara, yau ga ta a gabansa ta gagare shi. Ya dubi hannunta da ruwan zafi ya jeme, ya ji kunya ta rufe shi, wani irin sonta kuma ya kama shi.

"Na yi kuskure, Ruƙayya. Na ɓata miki rai a banza. Ki yafe min."

"Na yafe maka," ta ce, "duniya da lahira." Sai ga dariyar nan ta dawo, tana goge ido da bayan hannu. "Sai dai miskinanka ba su bar komai ba."

Ta ɗauko tukunyar da kanta ta dire a tabarma. Babu abin da ya rage sai ƙanzo a gindi da ɗan abin da ta kalato na miya. Ta zauna kusa da shi, suka shiga kankara da cokali ɗaya. Ya lura tana ci da sauri, ko ɗagowa ba ta yi.

"Ke ma yunwa kike ji haka?"

"Tun ranar da ka rantse tuwo bai shiga bakina ba," ta ce. "Da wa zan ci?"