Littattafan Lindsay Goma Sha Ɗaya

"Riƙe min shi da kyau mana, Glenys, sai rawa yake."

"Hannunka ke rawa, rigimammen tsoho, ba littafin ba."

Lindsay Burchett ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Shekara ashirin shi da Glenys suna maƙwabtaka a garin Geelong, shingen katako kawai ya raba su. Tun da asibiti suka sallamo shi ya ƙarasa kwanakinsa a gida, gadonsa ya koma falo, kwalayen littafinsa na shida jibge a gindin taga. Labarin wasu matuƙan jirgi ne a duniyar taurari. Shi ya rubuta, shi ya kai aka buga, shi yake tallar littattafansa duk shekara a taron masoya irin waɗannan labarai a birnin Melbourne. Wannan ne na ƙarshe, kuma ba abin da ya rage masa a rai sai ya ga ya shiga hannun masu karatu.

"A can ba mai sayen littafin da marubuci bai sa wa hannu ba," in ji shi. Sai ya rubuta "Zuwa ga", ya bar fili, ya sa hannu a ƙasa. "Ke za ki cike sunan. Ki tambaye su yadda ake rubutawa, sunayen yaran yanzu sai su."

Yana gama na goma sha ɗaya biron ya suɓuce masa. Ran Laraba da hantsi ya cika, rediyo na ta surutun ƙwallo.

Ran Asabar Glenys ta je taron, ta zauna a teburin da Lindsay ya kama tun bara. Jama'a maƙil, sun yi shigar mutanen cikin labarai: masu sulken kwali, masu fuka-fuki, masu takobin roba. Kowa ya ɗauki littafin sai ya juya bayansa, ya ce, "Zan zagayo."

"Duk wanda ya ce zai zagayo, ki yi masa ban kwana kawai," in ji matar teburin kusa, ita ma marubuciya ce. "Lindsay ba ya barin su ajiye. Da baki yake kama su."

Can wani ƙato da ya shafe fuska da koren fenti ya tsaya. "Ina dattijon? Labarin mene ne wannan karon?"

Glenys ba ta san labarin ba. Littattafansa biyar Lindsay ya ba ta kyauta a baya, ko shafi ɗaya ba ta taɓa karantawa ba. Kunya ta rufe ta, kunyar da ba wanda za ta ba haƙuri a kanta.

"Ya rasu ran Laraba."

"Kai! Ayya, sannu." Ya ajiye littafin a hankali, ya gyara masa zama, ya wuce.

Kwana biyu, ko ɗaya bai fita ba. Ɗan Lindsay ya bugo waya daga birnin Perth, ya ce kafin Juma'a za a kwashe gidan, takardu duk motar shara za ta ɗauka.

Ran Litinin Glenys ta cike filayen nan goma sha ɗaya da sunayen mutanen layinsu, ta bi gida-gida tana cusawa a akwatin wasiƙa. Na gidan ƙarshe ya ƙi shiga duka. Da yamma ta hango shi daga tagar kicin, rabinsa a waje, yayyafi na sauka a kai.