Kaboyi Mai Sanda

Ba rubutu ne ya kawo Nana Firdausi Dubai ba. Aiki ta zo yi a wani ofishin kago da ke Al Ras, can layin masu kayan ƙamshi, inda kanumfari da turaren wuta suke bin mutum har cikin mayafinsa. Ita ke karɓar kayan Hajiyoyin Kano, ta sa a auna, ta manna suna, ta sha mitar cewa ma'aunin ofishinsu yana ƙari. In an tashi ta kama jirgin ƙasa, ta sauka ta kama bas zuwa International City, inda take kwana. A hanyar nan take rubutu a waya da manyan yatsunta biyu.

Abin ya samo asali ne daga wani kwali da wata 'yar Filifin ta bari a ɗakinsu da bizarta ta ƙare. Littattafan soyayya ne na Turanci, kowanne da hoton ƙato mai malafa ya jingina da shinge, rigarsa babu maɓalli ko ɗaya. Firdausi ta karance su tas, tana dariya tana tsaki. Duk kaboyin ciki mai fili ne, filin da sai an hau doki ake zagaye shi. Ba ya son gwamnati, ba ya son mutanen birni, bindigarsa na bayan ƙofa. Yarinyar kuwa kullum 'yar boko ce mai babban aiki, wadda kafin shafin ƙarshe za ta ajiye aikin ta koma toya masa gurasa. Firdausi ta ce a ranta, to ai mu ma muna da masu shanu, kuma namu sun fi waɗannan kunya.

Haka aka haifi Salmanu, Bafulatani makiyayi, mai sanda a kafaɗa da takalmin roba, wanda ya ga Mero 'yar manomi a bakin rijiya ya manta da abin da ya kawo shi. Kullum da yamma Firdausi takan saki babi ɗaya a zauren WhatsApp na matan da ke safarar Dubai. Wayyo, zo ka ga yadda manyan mata suka rikice. Hajiyar da za ta yi awa guda tana ciniki a kan dirhami biyu, sai ka ji ta turo murya tana roƙon kada a bar Salmanu ya kwana da yunwa. Firdausi ba ta da kowa a garin nan, babu uwa babu ƙanwa. Matan zauren su ne danginta, kuma tana son su har ranta.

Mai riƙe da zauren ita ce Hajiya Ummi Kulsum, dillaliyar abaya da turare, mace mai jiki da murya, wadda in ta shigo ofis har ma'aunin sai ya nutsu. Ita ke sa mutum a zauren, ita ke cire shi. Da farko ta fi kowa son Salmanu. Sai ga damina ta dubu biyu da sha tara, aka kira ta daga ƙauyensu ta wajen Katsina aka ce 'yan bindiga sun tare ƙaninta Ɗanladi a hanyar gona, sun kashe shi.

Da ta dawo Dubai bayan an share makoki, ta zo ofis da kayanta. Firdausi ta durƙusa ta yi mata gaisuwa. Hajiya ta amsa, ta zauna a kan wani kwali, ta dube ta da idanun da suka sha kuka.

"Nana, labarin nan naki. Ba zan iya ba. Ana kashe mana 'yan'uwa, mu kuma muna nan muna yi wa mai sanda guɗa."

"Hajiya, Salmanu bai kashe kowa ba."

"Na sani. Amma ki canza shi. Ko ki fito da mugun halinsa Mero ta rabu da shi, ko ki mayar da shi wani abin daban. Ranar Juma'a mata za su ci abinci a masaukina, ki zo ki karanta mana ƙarshen da bakinki. In yana nan yadda yake, ki yi haƙuri, zan cire ki daga zauren. Khalas, magana ta ƙare."

Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma hakan ya fi ciwo. Firdausi ta ji tsoro sosai, don ta san in Hajiya ta cire ta babu wadda za ta bi ta.

Mu'awiya, abokin aikinta mai kula da kwantena, ya ji komai daga bayan kantar ofis. Shi mutum ne da ba a taɓa kawo matsalar da ba shi da maganinta ba, ko da ciwon haƙori ne.

"Malama marubuciya, abin ai mai sauƙi ne," in ji shi. "Ki mayar da shi kaboyi irin na littattafanki. A gano ashe ɗan wani attajiri ne da ya ɓata tun yana jariri. Ki ba shi fili mai shinge, da mota mai buɗaɗɗen baya, da shanun Turawa masu lamba a kunne. Ki karɓe sandar ki ba shi makulli. Wallahi Hajiya da kanta za ta yi anko."

"Shanun ai shanu ne, Malam Mu'awiya. Me ya bambanta su?"

"Fili mana. Mai shanu da fili alhaji ne. Mai shanu babu fili, shi ne ake rufe ƙofa in an hango shi."

Maganar ba ta kwanta mata ba, amma ta gwada. A cikin bas ta cire wa Salmanu takalmin roba ta sa masa sau-ciki, ta ba shi uba mai gidan sama a Abuja. Sai bawan Allah ya daina magana. Duk abin da ta sa a bakinsa, sai ya fito kamar tallan kamfanin madara. Mero ma, da ke ɓuya bayan rumbu in ta ji kukan shanunsa, ta rasa abin da za ta ji kunyarsa. Kafin bas ya wuce kasuwar 'yan Chana, Firdausi ta goge babin gaba ɗaya. Haushi ya kama ta, na Mu'awiya da na kanta, ta buɗe sabon shafi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, falon masaukin Hajiya ya cika. An baza ledar cin abinci a ƙasa, ga shinkafar mandi daga gidan abincin Yamalawa, ga miyar kuka da Hajiya Sabuwa ta dafa da kukar da ta ɗauko tun daga Kano, don ita ba ta yarda da abincin da ba ya kama ciki ba. Aka ci aka wanke hannu. Hajiya Ummi ta jingina da kujera, carbi a hannu.

"Yalla, Nana. Muna jin ki."

Firdausi ta fito da waya. Ta karanta yadda Salmanu ya dawo daga kudu da garkensa, ya tarar da burtalin da kakanninsa suke bi da shanu tsakanin gonaki ya ɓace. An nome shi, gero ya tsaya a kai har ya fi mutum tsawo. Ya yi ta kai da kawowa yana neman hanya, shanu suna jin ƙamshin ruwan rafi, har suka fi ƙarfinsa suka faɗa gonar. Gonar kuwa ta baban Mero ce.

Hajiya Sabuwa ta ce a hankali, "Shi ke nan, ta kashe shi."

Firdausi ta ci gaba. Salmanu bai gudu ba. Ya kora shanun ya ɗaure, ya tafi ƙofar gidan mai gari da ƙafarsa, ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya ce shanunsa sun yi ɓarna, a je a gani a yanka masa abin da zai biya. Aka kira baban Mero ya zo yana huci. Dattawa suka zagaya gonar, suka ga ɓarna, ɓarna kuwa ta gaske. A hanyar dawowa baban Mero ya tsaya a kan wani kututturen aduwa, ya daɗe yana kallonsa. Shi ya san kututturen nan ne iyakar gonar ubansa, kuma shi ya tsallake shi da garma shekarar da 'ya'ya suka yi masa yawa. Ya ce a gaban kowa, "Yaron nan zai biya geron da ke cikin gonata. Wanda ke kan hanyar shanu kuwa, ni na shuka shi inda ba nawa ba."

Ta ɗago ido ta saci kallon Hajiya Ummi. Carbin ya tsaya, fuskar ba ta nuna komai ba. Firdausi ta karanta layin ƙarshe, inda bayan girbi baban Mero ya aika a gaya wa Salmanu ya kawo shanunsa su zauna a gonarsa su yi taki. Duk wadda ta tashi a ƙauye a falon nan ta gane abin da tsohon yake nufi: wanda ka kira ya zauna a gonarka, ka ba shi 'yarka ke nan.

Ta kashe wayar ta ajiye a cinya. Ba ta canza shi ba, kuma kowa ya ji ba ta canza shi ba. Ta zauna tana jiran hukunci.

"Ba haka ake yi ba," in ji Hajiya Ummi.

Firdausi ta yi saurin cewa, "Hajiya, na san kin ce..."

"Ke, saurara. Na ce ba haka ake yi ba. Wane manomin kirki ne zai aika a kira masa mai shanu da baki, kamar yana kiran mai gyaran famfo? Kin taɓa zaman ƙauye kuwa?"

"Hutu kawai nake zuwa, Hajiya."

"Ga shi nan ai. Damin gero ake kaiwa ruga, da goro. In sun karɓi damin, sun amsa. Kuma ba a aike. Babanmu da kansa yake ɗora damin a ka, da furfurarsa da komai, ya taka har rugar Ardo. Ɗanladi na biye da shi da ƙullin goro, yana ta murna don ya san za a ba shi kindirmo." Muryarta ta karye a kan sunan. Ta ja gefen mayafi ta share ido.

Can ta sake duban Firdausi. "Kada ki ɗauka na yafe wa waɗanda suka kashe shi."

"Ni ma ban rubuta a yafe musu ba, Hajiya. Ba kuma zan rubuta hakan ba."

"Na ji." Ta ci gaba da jan carbinta. "Wanda ya ajiye sandarsa a ƙofar mai gari, ba shi ya tare ɗan'uwana ba. Na san wannan tun ranar da na zo ofishinku. Zuciyata ce ba ta so ta sani."

Hajiya Sabuwa ta gyara zama ta ce ita fa tun farko ba ta ga laifin yaron ba, alhali ita ce ta fi kowa zuga a cire shi. Wata daga gefe ta tuna mata, falon ya ɗauki dariya, har Hajiya Ummi ta murmusa.

"To me kike jira?" ta ce wa Firdausi. "Gyara. Ki ɗora wa tsohon nan dami a ka, ya tafi da ƙafarsa. Kuma ki sa Mero ta leƙo ta katanga ta gan shi yana tafiya, don ta san darajar da aka yi mata."

Firdausi ta kunna waya. Yatsunta gudu suke, mata sun kewaye ta kowacce da shawararta, wannan ta ce a sa goron fari ne, waccan ta ce a sa kare ya yi haushi. Ba ta ɗauki ko ɗaya ba sai na Hajiya. Da ta gama ta miƙa mata wayar. Hajiya ta sa tabarau ta karanta a hankali, leɓenta yana motsi, sannan ta tura babin zuwa tata wayar. Da hannunta ta sake shi a zauren, abin da ba ta taɓa yi wa rubutun kowa ba. Ta danna wajen murya ta kai wayar bakinta.

"Assalamu alaikum, matan zaure, Ummi Kulsum ce. Ga ƙarshen labarin 'yata Nana, ku karanta. An ba Salmanu Mero. Ni ce uwar ango."

Wayoyin falon suka hau ƙara ɗaya bayan ɗaya, saƙo na shigowa daga Kano, daga Katsina, daga masu jiran jirgi. Daɗi ya cika Firdausi har ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta sunkuyar da kai tana dariya, hawaye na ɗiga a kan gilashin wayar. Hajiya Ummi ta dafa kafaɗarta da hannu mai nauyi.

"Share idonki, 'yar nan, aiki na gabanki. Ina son babin biki kafin jirgina ya tashi. Kuma ango da sandarsa zai zo."