Fuskar Aaltje a Haikalin Sulemanu

Na tsufa ina juya injin bugu a shagon maigida Reynier a Amsterdam, ban taɓa ganin mai taurin kai irin Lubbert mai zane ba. An ba shi aikin zana Haikalin Sarki Sulemanu a kan farantin tagulla, don wani babban littafi. Ya shafa kaki, ya yi ta karta da allura, ya tsoma a ruwan nan mai cin ƙarfe. Ginshiƙai da bagadi suka fito tsaf. A farfajiyar mata kuwa, cikin taron jama'a, ya sa fuskar matarsa Aaltje da annoba ta ɗauke. Ba ta kai ƙwayar wake ba, amma duk wanda ya san ta sai ya gane ta.

"Kai Lubbert, me Aaltje take yi a Urushalima?" na ce. "Matar da ko garin Haarlem nan kusa ba ta taɓa leƙawa ba!"

"Rufe mini baki, tsohon banza. Ba ni da wani hotonta, nan za ta zauna."

Na ce ya ɗauki bugun farko ya adana. Wai ba sauri, ai tagulla ba ta ruɓewa. Sai tururin ruwan nan ya kama masa ƙirji, ya kwanta duk lokacin sanyi. Littafi kuwa ya yi kasuwa, faranti na maigida ne, muka yi ta bugu ba ji ba gani. Siraran layuka su ke fara mutuwa a matsi, kowa a sana'ar nan ya sani.

Lubbert ya dawo a rame, yana tari. Bugun farko duk an sayar, sun bi jiragen ruwa. Na buga masa sabo. Haikali na nan daram, fuskar Aaltje ta zama fili fari fat. Wallahi sai da tausayinsa ya hana ni kallonsa.

"Wa ke duba mutanen?" in ji Reynier. "Gini ake saye, malam."

"Ba ni farantin, in mayar da ita," in ji Lubbert.

Aka ba shi. Ya shafa kaki, ya ɗauki allura, ya daɗe hannunsa a sama. Can ya juyo gare ni.

"Meyndert, don Allah, tawadar Allah ɗin nan tata, a wane kunci take?"

Na buɗe baki in amsa. Ni ma na manta.