Butar Shayin Abermelyn

A ƙungiyar opera ta garin Abermelyn, masu wasan kwaikwayo cikin waƙa, ba a korar mutum. Tun lokacin da masu fasa dutse da matansu suka fara taruwa a zauren majami'a, suna ɗinka kayan sarakuna da tsofaffin labule, ba a taɓa duban idon wani an ce masa muryarsa ta mutu ba. Buta ake ba shi. Wata tsohuwar butar shayi ce ta ƙarfe mai lotsattsen gindi. In shugaban waƙa ya ga muryarka ta fara ɓata wa mutane aiki, sai ya bari a tashi daga gwaji, ya miƙo maka ita da murmushi, ya ce, "Kwana biyu shayinmu ba ya daɗi, ko za ka taimaka mana?" Shi ke nan, ka gane. Daga ranar nan kicin ne wurinka, kana miƙo kofuna ta 'yar tagar da ke tsakaninsa da zauren.

Meurig Gidan Waya ne ya ƙirƙiro wannan tsari, kuma ya daɗe yana tinƙaho da shi, wai rufin asiri ne. Da safe ya raba wa gari wasiƙu, ranar Asabar ya riƙe sandar jagorancin waƙa, shekara talatin yana haka. Mutum goma sha ɗaya ya ba butar nan. Ta tara a cikinsu matarsa ce, Eluned, wadda sau takwas tana fitowa a matsayin tauraruwar wasa. Da muryarta ta fara rawa a sama, bai sassauta mata ba ko kaɗan, ya faɗa mata kalmomin da yake faɗa wa kowa. Ta karɓa, ta ce, "To, Meurig." Matar da ko kwano take wankewa sai maƙwabta sun ji waƙarta, daga ranar bai sake jin ta rera ko baiti ɗaya a gida ba. Shekara goma sha biyu tana dafa shayi, sannan ta rasu. Shi kuwa bai taɓa leƙa kicin ɗin ba, ta taga yake karɓar kofinsa.

Yanzu yana da saba'in da shida. Ya daɗe da miƙa sanda ga Heledd, malamar makaranta, wadda shi ya koya mata karanta kiɗa tun tana 'yar ƙarama, ya koma layin maza masu kaurin murya. A watan Nuwamba ƙungiyar za ta cika shekara hamsin, za a maimaita wasan da aka fara da shi, kuma cikin waɗanda suka hau dandamali a wancan karon shi kaɗai ya rage yana waƙa. Abu ɗaya yake so a duniya: ya tsaya a wurin ranar bikin. Ko layin baya ne ya ishe shi.

Sai dai kunnen ya tafi. Na'urar jin da likita ya ba shi kuwa tana aljihu, don girman kai.

Ranar wata Asabar da rana ana gwajin waƙar ƙauyawa, kowa ya ja numfashi yana jiran hannun Heledd, sai Meurig ya faɗo ciki shi kaɗai, da murya kamar ta bijimi. Mai fiyano ta tsaya.

"Kawu, jirgin ƙasa za ka kama ne?" in ji Gethin mahauci, wanda ke tsaye kusa da shi. "Ka jira mu mana, tare za mu."

"Rufe min baki! Fiyanon ce ke jan ƙafa. Ina waƙar nan tun uwarka na ɗaura maka nafkin."

Aka yi dariya, aka sake daga farko. Ya sake riga su. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, kuma shirun ya fi dariyar ciwo.

Da aka tashi, yana saka kwat ɗinsa, ya hango Heledd ta fito daga kicin. Tun kafin ya ga abin da ke hannunta gabansa ya faɗi.

"Kawu Meurig," ta ce, tana miƙo masa butar. "Kwana biyu shayinmu..." Sai maganar ta maƙale.

"Ƙarasa mana. Ni na tsara maganar, kada ki ɓata min ita."

Ta ƙarasa, idonta a ƙasa.

"Sati shida ya rage, Heledd," ya ce a hankali. Shi da bai taɓa roƙon kowa ba, yau ga shi yana roƙon yarinyar da ya koyar. "Ki bar ni a baya. Baki kawai zan riƙa motsawa, ba wanda zai ji ni."

"Haka muka yi da kai makon jiya, Kawu. Ba ka iya yin shiru."

Gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani. Ya karɓi butar. Ashe haka take da nauyi, shi da sau goma sha ɗaya yana miƙa ta bai taɓa lura ba.

Asabar ta gaba ya yi niyyar zama a gida, amma gidan ba kowa sai agogo, sai ya tafi. A kicin ya tarar da Nesta, tsohuwa 'yar tamanin da uku wadda shi ya ba ta buta shekara ashirin da suka wuce, tana yanka burodi mai zabibi. Idwal direban bas na dā yana jera kofuna, sandarsa a jingine.

"A'a!" in ji Nesta. "Yau ga mai rabon buta ya zo da tasa. Shigo, ranka ya daɗe, wanke hannu. A nan ni ce shugaba."

Ya ɗora ruwa a wuta.

Can fiyano ta fara a zaure. Nesta ta ajiye wuƙa, ta ja murfin tagar ta rufe. Idwal ya tura ƙofa da sandarsa. Suka miƙe tsaye, suka gyara kafaɗa, da mutanen zaure suka shiga waƙar ƙauyawa, su ma suka shiga. Kai, muryoyin ba daɗi! Ta Nesta kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba, Idwal kuwa rabi waƙa rabi tari. Amma ba su tsallake kalma ɗaya ba.

Meurig ya saki baki. Da aka tsaya gyara wa mata wani wuri, ya ce, "Tun yaushe kuke wannan?"

"Tun kafin ka ba ni butar. Da kana zaton shayi ke kawo mu kowace Asabar?"

Tambayar tana bakinsa, yana tsoronta. "Eluned fa?"

Nesta ta nuna gefen taga, inda katakon murfin ya ɗan tsage. "Nan take tsayawa. Ta tsagar nan ana hango hannun shugaba. Shekara goma sha biyu tana kallon hannunka, ba ta taɓa shiga kafin ka ɗaga ba. Ba irinka ba."

"Muryarta ta dawo?"

"Ina! Ƙara lalacewa ma ta yi. Amma duk wasan da kuka yi a can, ta yi shi a nan, daga farko har ƙarshe."

"To me ya hana ta gaya min? Ni na ɗauka fushi take yi. A gida ko..."

"Fushi?" Nesta ta dube shi, tsokanar ta bar fuskarta. "Cewa ta yi kunnenka ba ya iya jin kuskure ya haƙura. Wai ka wuni kana fama da namu, ba za ta haɗa ka da nata a gida ba. Kullum in an tafi hutun shayi takan kalli ƙofar nan, ko za ka shigo da ƙafarka. Taku tara ne daga inda kake tsayawa, Meurig. Ita ta ƙirga."

Fiyano ta sake farawa. Idwal ya ce, "To malam, waƙa za ka yi ko tsayuwa? Akwai wuri."

Meurig ya laluba aljihu, ya ciro na'urar, ya cusa a kunne. Ya matsa inda Nesta ta nuna, sai da ya rusuna sosai, don Eluned gajeriya ce. Ta tsagar ya hango wurin da ya tsaya shekara talatin, ga shi nan kusa, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Wannan karon ya jira. Hannun Heledd ya ɗaga, Nesta da Idwal suka shiga, shi ma ya buɗe baki daidai lokaci, amma kuka ne ya fito.

Nesta ba ta daina waƙa ba. Ta zare tsumman goge kofi daga kafaɗarta, ta miƙa masa.