Wutar Hussaini Maƙeri

A shekarun yaƙin Bama aka yi shela a Azare cewa jiragen yaƙi uku za su zo su yi wasa a sama, sannan su sauka kowa ya gan su ido da ido. Aka share fili a bayan gari, aka baje duk wani suri. Saura wanda zai hura wuta a bakin fili, kuma kowa ya san ba a maganar wuta a garin nan a tsallake Hussaini maƙeri.

Kashim, tafintan Di'o, shi ya kawo masa saƙo har maƙera.

"Malam Hussaini, in ta kama, ka lafta mata ɗanyen ganye. Haka Bature ya ce."

Hussaini ya ce to, amma a ransa dariya ya yi. Ɗanyen ganye? Shi da ya yi shekara talatin yana sarrafa wuta, a ce ya tari baƙi da hayaƙi kamar mai korar sauro a garke? Ya yanke cewa Kashim ne bai ji Turancin da kyau ba. Kwana biyu yana zaɓen busasshiyar ƙirya, ya haɗa da gawayinsa na aiki.

Ranar kuwa fili ya cika maƙil. Mutanen Chinade da na Disina sun zo, har da tsofaffin Katagum da suka kwana a hanya bisa jakuna. Wutar Hussaini ta yi jajir, ba ko ɗigon hayaƙi, shi kuma yana gefe yana gyara zaman hula.

Da hantsi jiragen suka ɓullo. Ɗaya ya miƙe sama ya wuntsila, ya dawo ciki a sama. Biyu suka rugo ƙasa-ƙasa har mata suka durƙushe suna salati. Da aka gama wasan sai suka shiga kewaya fili, sau ɗaya, sau biyu, har sau biyar. Iska ranar ba ta tsaya wuri guda ba.

Sai ga Kashim a guje, rawani a hannu.

"Ina hayaƙin? Da shi suke gane inda iska ta nufa. In babu, ba za su yarda su sauka ba."

Hussaini ya zabura. Ya waiga, babu ganye ko ɗaya a kusa, don da hannunsa ya share wurin tun asuba. Ya ruga ya karyo reshen kalgo, ya jefa, wutar ta lashe shi nan take. Kafin ya koma, jiragen sun jera sun miƙi hanyar Kano.

Kashim bai tona shi ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Jama'a suka watse suna cewa Turawa sun raina gari. Kunya ta hana Hussaini ɗaga ƙafa.

Wani tsoho daga Katagum ya matso da lofe a hannu.

"Kwana biyu ina tafe don in taɓa jirgi da hannuna, Allah bai yi ba." Ya ɗauki garwashi, ya tsaya yana kallo. "Amma wannan wuta ta gwani ce. Ɗana, wa ya hura ta?"

Hussaini ya sunkuyar da kai.

"Ban sani ba, Baba. Ni ma haka na tarar da ita."