Motar da Za Ta Kai Abednego Gida

Abednego ya rasu ranar Litinin a asibiti a Kafanchan. Aka ajiye gawarsa a ɗakin sanyi, aka sa Asabar ranar biso a ƙauyensu, can gaba da Kwoi. Kafin ya cika ya bar magana guda a gaban matarsa Joanna da ɗansa Meshak: kada a ɗauko masa motar haya, a kai shi gida a cikin tasa. Meshak ya riƙe hannunsa ya ce to. Daga nan magana ta hau kansa.

Motar kuwa tsohuwar Fijo ce mai dogon baya. Shekara da shekaru tana jidar buhunan citta daga gona zuwa kasuwa, har bayanta ya zauna. Sifirin ɗin baya, ƙarafan nan masu murɗe-murɗe da ke riƙe nauyin mota, sun gaji sun lotse. Ko babu kaya, in ta faɗa rami sai ka ji cikinta ya daki ƙasa. To ina ga an sa akwatin katako da mutum a ciki, a hanyar da damina ta gama cinyewa?

Meshak manomi ne. Ya iya canza taya, ya iya duba baƙin mai, iyakarsa ke nan. Bakaniken da ya san motar ya tafi Jos, sauran kuma suka ce akwai layi, sai sati mai zuwa. Ran Juma'a da safe Meshak ya shiga kasuwa ya sayo sifirin guda biyu na hannu, ya aro jak da sifana, ya ce shi zai yi a tsakar gida. Wai ya kalli yadda ake yi a waya. Yaran yanzu, abin da ido ya gani sai su ɗauka hannu ma ya iya.

Gida cike yake da masu gaisuwa. Matan zumuntar coci suna gefe guda suna wanke shinkafa, suna waƙa ƙasa-ƙasa. Yayar Meshak, Paulina, wadda ta iso daga Kaduna, ta fito ta same shi ya ɗaga bayan motar ya ɗora kan bulo.

"Meshak, kai da wa ke wannan aiki?"

"Ni da Allah."

"Allah bai ce ka shiga ƙarƙashin mota ba. Na yi magana da mai ambulan, yana jiran kira kawai."

"Yaya, ke ba kya wurin. Ni Baba ya riƙe wa hannu."

"To injiniya, Allah ya ba da sa'a. Da can da kake loda mata citta har sama, ba ka tuna za ta ɗauki Baba ba?"

Maganar ta shige shi, ya huce a kan noti.

Ana haka Bobbo ya iso. Bafulatani ne dattijo, wanda shanunsa suka daɗe suna kwana a gonar marigayin suna bar masa taki. Ya yi wa Joanna ta'aziyya, ya fito ya tsuguna kusa da motar, sandarsa a kafaɗa.

Tsohon sifirin bai ba da wuya ba, da aka kwance shok, ƙarfen nan mai rage jijjigar mota, sai ya faɗo da kansa kamar dama jira yake. Da Meshak ya jera shi da wanda ya sayo, sai ya ga matsala. Sabon ya fi tsohon tsawo da kusan tafin hannu. Ba kuskuren mai shago ba ne, haka tsohon yake tun asali, kaya ne suka danne shi. Ya tura, ya juya, ya buga da ƙafa, abu ya ƙi shiga. Mutumin da ya kalla a waya yana da wani ƙarfe mai haƙora da yake matse sifirin da shi. Meshak ba shi da shi, kuma bai san wanda zai ara masa ba.

Sai dabara ta zo masa. Ya tsayar da sifirin tsakanin jak da ƙarfen ƙasan mota, ya riƙa ɗaga jak har abin ya tsuke. Ya yanko wayar ƙarfe daga shingen lambu ya ɗaure shi tamau.

Bobbo ya ja da baya. "Ɗana, wannan abu fushi yake yi. Ka danne shi ne, bai yarda ba."

"Baba Bobbo, waya ce, ba igiya ba."

"Ni dai na ga tsatsa a jikinta. Cire fuskarka daga saitinsa."

Na farko ya shiga. Meshak ya zaunar da shi, ya saki waya a hankali, ƙarfe ya yi ƙara ya miƙe a mazauninsa. Ya fito yana share zufa, ya dubi inda Paulina take don ta gani. Da na farkon ya ƙi, da ya haƙura. Shigarsa ce ta cuce shi.

Na biyu ya yi shi da gaggawa, ɗauri ma bai kai na farko yawa ba. Ya kwanta a ƙasa, ya cusa hannun dama yana gyara masa zama. Wayar ta tsinke.

Ƙarar ta kai bakin titi. Waƙar mata ta tsaya cak. Sifirin ya daki wuyan hannunsa, ya fita ya fasa randar da ke jikin bango. Bobbo ya jawo Meshak ta ƙafa. Meshak bai yi kuka ba, kallon hannun kawai yake yi, hannun ya karkace inda bai kamata ba.

Paulina ta ɗora shi a babur ɗin haya ta zauna bayansa tana riƙe da shi, tana faɗa tana hawaye. Asibitin da ubansu ke kwance, nan aka kai shi. Suka wuce ta gaban ɗakin sanyin, babu wanda ya juya.

Da la'asar suka dawo, hannu cikin filasta, rataye a wuya. Motar tana nan kan bulo, gefe guda sabon ƙarfe, gefe guda wayam. Meshak bai shiga ɗaki ba, wurin shinge ya nufa.

"Baba Bobbo, taimake ni. Waya za mu ninka. Ni zan faɗa maka, kai ka sa."

"A'a, ɗana. Babanka abokina ne, amma ba zan sa hannu a nan ba, kai ma ba zan bari ka sa ɗayan ba."

"To a kira mini samarin coci!"

"Ka kira ɗan wa?"

Joanna ce. Tun Litinin ba ta fito tsakar gida ba sai yanzu. Ta tako a hankali, ta tsaya tsakanin ɗanta da motar.

"Ɗan wace mace za ka kwantar a ƙarƙashin wannan? Faɗa mini sunanta, in je in roƙe ta da kaina."

"Mama, na yi masa alkawari."

"Ina wurin. Mijina ne kafin ya zama ubanka. Ya ce a kai shi gida, bai ce a haƙa rami biyu ba. In akwai laifi, a kaina yake, ni zan amsa masa idan na je." Ta juya. "Paulina, kira mutumin."

Paulina ta dubi ƙanenta tukuna. Ya sunkuyar da kai. Ta kira.

Da safe ambulan ta zo, fara fes, direban bai taɓa jin sunan Abednego ba, sai da ya tambaya. Aka ɗauko akwati daga asibiti. Fasto ya ce Meshak ya zauna gaba saboda hannunsa, ya ƙi, ya hau baya ya zauna a ƙasa kusa da akwatin. Da suka bar kwalta motar ta fara tsalle a ramuka, akwatin yana zamewa. Ya sa hannun hagu ya danne murfin, ya tokare gefen da gwiwa. Haka ya riƙe har ƙauye.