Bille a Kuncin Hagu

Tsohuwar ta tsaya cak a ƙofar shagon Dawuda a unguwar Misfala ta Makka, idonta a kan wani allon katako da ya jingine a rana, tawadarsa ba ta gama bushewa ba.

Sana'ar Dawuda ke nan. Yakan sassaƙa hoton Ka'aba a katako, ya shafa tawada, ya danna a takarda, alhazai su kai gida tsaraba. Amma wannan allon fuskar yarinya ce, ƙanwarsa Saudatu, wadda madugun ayarinsu ya sayar a Jidda shekara ashirin da biyu da suka wuce, bayan zazzaɓi ya kashe iyayensu a hanya. Madugun kuwa ya yi hajjinsa lafiya lau, ya koma gida ana ce masa Alhaji. Tun da Dawuda ya iya riƙe wuƙar sassaƙa yake buga fuskar nan, yana cusa wa masu kai ruwa gidaje takardun a ɓoye, ko Allah zai sa wani ya hango ta a bayan wata ƙofa.

"Wannan ai Baraka ce," in ji tsohuwar, Ramlatu mai wankan gawar mata. "Baiwar wani tajiri a unguwar Jiyad."

Dawuda ya matso kusa da ita. "Hajja, shekara huɗu ke nan da na ba ki takardar nan. Kika ce ba ki san ta ba."

"Wallahi na duba, ya waladi, ɗana. Ta takardar billenta a kuncin dama yake. Na Baraka a hagu, kamar na jikin katakon nan. Sai na ce ba ita ba ce."

Shi da yake juya kowane harafi kafin ya sassaƙa, don ya fito daidai a takarda! Fuskar nan kaɗai ya sassaƙa yadda take a zuciyarsa, bugu ya mayar da billen dama, kuma bai taɓa iya ƙare wa takardar kallo ba.

"Tana ina yanzu?"

"Ni na wanke ta a watan Rajab. Allah yarhamha."

* * *

A maƙabartar Ma'ala babu kabari mai suna, sai duwatsu iri ɗaya a jere cikin rana. Dawuda ya bi layi bayan layi har ƙafarsa ta gaji. Ya tsaya, ya yi sallama, ya ce, "Saudatu." Sai ya tuna ta daɗe da daina amsa wannan sunan.

Da ƙyar bakinsa ya yarda ya ce, "Baraka."